Ranar da Na Ce Kawuna Maƙwabci Ne

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Kawu Umaru, ƙanen mahaifiyata, Allah Ya jiƙan sa. Tela ne a Dundaye, amma an fi saninsa da wasan kwaikwayo na rediyo, inda yake fitowa a mugun dillali. Ni kuwa ɗan gidan malamai ne, in na ji an ce da shi ɗan wasa sai raina ya ɓaci.

Ina sakandare na taɓa gaya masa haka. Ko kai bai ɗaga daga keken ɗinki ba, ya ce, "Ɗana, wasa kaɗai kaj ji, ka bar rabin sunan. Kwaikwayo daga koyo yaf fito, ninka shi aka yi. Kai ƙaƙa ka iya sallah, in ba kwaikwayon babanka ba?"

Ranar ɗaurin aurena a Arkilla, surukina, babban ma'aikacin gwamnati, ya ji muryar Kawu ya waiwaya, ya ce, "Wanga ba dillalin rediyo ba ne? Mi yak kawo shi?" Na ce maƙwabcinmu ne. Ashe Kawu yana tsaye a bayana, kuma babbar rigar da ke jikina ɗinkinsa ce. Ya yi murmushi, ya gaisa da surukina, ya koma cikin baƙi. Magana zarar bunu ce. Shekara shida ya yi bayan nan, kullum ina cewa gobe zan je in ba shi haƙuri.

Yanzu 'yata tana karatun Hausa a jami'a. An koya musu cewa dirama aro ce daga Turanci, su ma daga Girkawa suka samo ta, ma'anarta aikatawa. Da na ba ta bayanin Kawu, sai ta ɗauki biro ta ce, "Baba, wane littafi ne?" Na ce a bakin Kawu kawai na ji. Da yana nan, ya ga kowane yaro da waya yana shirya wasa ba mai zunɗensa, na san dariya kawai zai yi.

Kaset-kaset ɗinsa sun lalace, keken ɗinkin yana hannun wani. Abin da ya rage shi ne halinsa. Bara na daure na ba mahaifiyata labarin abin da na yi masa ranar aurena, ina zaton ta daɗe da sani. Sai hawaye suka zubo mata. Ashe ko ita bai taɓa gaya wa ba.