Ɗorawar Gonar Yaya

Ni aka ba riƙon guruf ɗin manoman yankinmu na waya. Ban fi kowa iya noma ba, na dai yi koyarwa a firamare shekaru masu yawa, saboda haka ana ganin rubutu ba zai ba ni wahala ba. Mutanen ciki daga Maska suke da Gozaki, sai wasu 'yan Danja masu tumatir. Yawancinsu saƙon murya suke turowa. Mutum zai yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, sannan ya ce masararsa ta yi wani iri. In na ce wane iri, sai ya ce, "Wani iri dai, Malam." Da wannan bayanin ake so malamin gona guda ɗaya da muke da shi a ciki ya faɗi magani.

Shi ya sa na tashi da wa'azin bidiyo. Kullum da safe sai na turo musu cewa duk wanda shukarsa ta canja, ya ɗauka mu gani da ido. Na yi lallashi, na yi zolaya, har na ce masu tumatir sun fi masu masara wayewa don in tsokano su. Babu wanda ya turo. Daga baya na gane dalili. Mai gona mai kyau ba ya nunawa saboda kambun baka. Wanda tasa ta lalace kuma ba ya nunawa saboda surukinsa yana cikin guruf ɗin.

Da aka fara turowa ma, wata sabuwa ce. Dattijo zai cika waya da fuskarsa, ya gaida malamai, ya gaida alhazai, ya gaida masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, kafin ya juya ga ganyen bidiyon ya yi nauyin da ba zai tafi ba. Sai na kafa doka: a yi gaisuwa da baki, amma waya ta kalli ganye. Wannan ta karɓu. Na ji daɗin kaina ƙwarai, kuma jin daɗin nan ne ya kai ni ga abin da na yi.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin guruf ɗin, amma bai taɓa cewa uffan ba. A garinmu shi ake zuwa wajensa neman irin masara. Shi yake zaɓen zangarniyar da hannunsa, ya rataye, ya adana, kuma in damina ta kusa za ka ga babura a ƙofar gidansa. Sunan nan shi ne abin da yake taƙama da shi, ya fi masa buhunan da yake samu.

Wata damina na bi ta gonarsa na ga masarar ta rame, ganyen duk huji. Na same shi na ce, "Yaya, a ɗauki wannan a tura, ko wani ya san maganinta."

Ya ce, "Taki ne bai ishe ta ba. Zan ƙara."

Na ce, "Taki ba ya huda ganye, Yaya."

Ya dube ni ya ce, "Kai da ka yi rayuwarka da alli, yau kai za ka koya mini masara?"

Maganar ta yi mini zafi. Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani. Kuma tsakani da Allah na ji tsoro, domin daga gonar nan gidansa ke ci shekara guda. Washegari, da na san ya tafi kasuwar Malumfashi, na hau babur na je na ɗauki gonar. Ban faɗi suna ba. Na ce kawai ga gonar wani bawan Allah, a taimaka da shawara. A ganina na yi dabara.

Na manta cewa manomi ba ya bukatar suna. Da na ɗaga wayar don in nuna faɗin ɓarnar, ɗorawar da ke kan iyaka ta shigo, mai reshe ɗaya da tsawa ta taɓa tsagawa. Babu wanda ya taɓa zuwa neman iri bai ɗaure babur ɗinsa a ƙarƙashinta ba. Ko minti goma ba a yi ba wani ya turo murya: "Ashe gonar Alhaji ce. Allah Ya sawwaƙe." Wani ya biyo da nasa jajen, wani ma ya biyo. Kafin in goge, kowa ya gani.

Amsar da nake nema ita ma ta zo. Akwai wani mai shagon maganin feshi a Funtuwa, iyayensa 'yan Kudu ne amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa santsi. Ya ce a buɗe zuciyar masarar, inda sabon ganye ke fitowa, a duba, in an ga wani abu kamar dusa, to tsutsa ce a ciki. Malamin gona ya tabbatar, ya faɗi yadda za a yi feshin ya shiga can ƙasan zuciyar, ya ce kada a wuce kwana biyu.

Bayan la'asar na tafi gidan Yaya da wannan saƙon. Na tarar ya riga ya fita daga guruf ɗin. Yana zaune a kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. Na zayyana masa duk abin da aka ce. Bai ɗago ba har na gama, sannan ya ce, "Wa ya ba ka izini?"

Na ce, "Yaya, gonar nake jin tsoro ta tafi."

Ya ce, "Ta tafi mana. Taka ce?"

Na tashi na tafi. Amma da safe matarsa ta gaya wa tawa cewa ya fita da injin feshi a baya. An tsira da fiye da rabin masarar. A guruf kuwa abin ya zama alheri, domin da mutane suka ga har gonar Alhaji tsutsa ta shiga, sai kowa ya daina ɓoye tasa. Bidiyo ya riƙa shigowa har wayata ta cika. Ana ta sa mini albarka, ni kuma ina jin kunyar amsawa.

Da damina ta sake kusantowa, baburan ƙofar gidan Yaya sun ragu sosai. Tsutsa ba ta bin iri, malamin gona ya faɗa, ni ma na maimaita har na gaji. Amma mutum in zai shuka abin da zai ci, ba ya son jin ko da ƙishin-ƙishin. Ina wucewa ina ganin zangarniyoyin da ya zaɓa a rataye, babu mai tambaya. Muna gaisawa da shi a masallaci da wajen suna, gaisuwar da ake yi wa maƙwabci.

Sai da masara ta kai gwiwa ya aiko a kira ni gona. Na je na same shi tsaye a tsakiyar shuka. Ya ce, "Fito da wayar." Na fito da ita ina ɗari-ɗari. Ya ce, "Ka fara daga ɗorawar. Tunda sun santa, su san ni na kira ka."

Na fara daga can. Ya yi gaisuwarsa mai tsawo, ban katse shi ba, na manta da dokata. Sannan ya durƙusa ya buɗe zuciyar masara da babban yatsa, ya nuna inda ake duba dusar tun kafin ganye ya huje, ya ce shi bara sai da tsutsar ta ci kusan rabi ya yarda. Ban taɓa jin Yaya ya faɗi kuskurensa a gaban mutum ba, balle a gaban gari. 

Da ya gama ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Tura musu. Sannan ka kashe ta."

Na tura, na kashe. Bai koma guruf ɗin ba, masu neman iri kuma ba duka suka dawo ba. Ina nan ina roƙon mutane su ɗauki gonakinsu, amma na ƙara wa dokar layi ɗaya, cewa kowa ya ɗauki tasa. Ni kuwa har yau in zan shiga gonar Yaya, a aljihun babur nake barin wayata, kuma bai taɓa ce mini in ɗauko ta ba.