Yaya Mai Tayil da Banɗakin Inna

Yayana mai sa tayil ne. Duk wanda ka tambaya a layinmu zai ce maka babu kamarsa. Ni ƙanwarsa ce, na ga banɗakin gidansa, saboda haka ba da ni ake wannan yabon ba.

Tun yana saurayi yake sana'ar. Gwiwoyinsa sun yi kanta saboda durƙuso, siminti ya cinye masa fatar yatsu. Ba ya kama aiki sai ya bi bango da ƙotar cokalin gini yana bugawa, kunne a manne. Inda ya ji amo kamar ganga, ya san filasta ta saki. Shi ya sa abokansa ke ce masa Ƙwanƙwasa. Ko gaisuwa ya je gidan mutane, baki na gaisuwa, hannu na lalube bango.

Ayyuka kuwa kashi uku ya yi musu. Akwai wanda ya kai a ɗauko kaya. Akwai wanda ya kai a leƙa. Sai na ukun, ƙananan ayyukan gida: tayil ɗaya ya ɓalle, bakin famfo ya tsage, dokin ƙofa ya gutsure. Waɗannan sai ya auna su da ido, ya karkata kai, ya ce, "Zan shigo." A cewarsa ƙaramin aiki mugu ne, ka kwaso kaya, ka kwaɓa siminti, ka jira ya sha iska, yini ya tafi a kan abin da bai kai faɗin tabarma ba.

Banɗakin Inna, mahaifiyarmu, a kashi na uku ya faɗa. A gidan Yaya take zaune. Ƙasan tsohon siminti ne da ya goge har yana sheƙi, ruwa na taɓa shi sai santsi. Bangon kuwa koren fentin mai ne, shafi kan shafi, danshi ya kumbura shi daga ciki. Yaya ya ce tayil ba ya kama fentin mai, sai an sassaƙe bango har a ga bulo, a fasa ƙasan, a sake fitar da gangare. Gaskiyarsa. Amma ya faɗi gaskiyar nan har ta tsufa, bai ɗaga guduma ba.

Kuma ba kaya ya rasa ba. Duk aikin da ya gama sai ya kwaso ragowar tayil ya jibge a lungun tsakar gida, wai na Inna ne. Na zauna na ƙirga su: ɗari biyu da sha huɗu, kala tara. Na auna banɗakin da igiyar awo, ɗari da sittin sun isa har da canji.

Sai Inna ta faɗi. Allah ya kiyaye ba ta karye ba, ƙugu ne ya bugu. Daga nan Anti, matar Yaya, ta koma riƙe ta idan za ta yi wanka. Inna fa, matar da ko ɗankwali ba ta canzawa a gaban mutum. Ba a jima ba ta fara cewa sanyi take ji, alhali kowa gumi yake. Ran nan na leƙa ɗakinta, na same ta a bayan ƙofa da ruwa a kwano, tana goge wuya da tsumma. Ta ɓoye shi a bayanta kamar wadda aka kama da kayan sata.

Na fito zuciyata na tafasa. Yaya na ɗaure kaya a babur, zai tafi wani katafaren gida mai banɗaki goma sha biyu.

Na ce, "Yaya, banɗakin Inna."

Ya ce, "Zan shigo."

"A cikin gidan kake kwana. Ta ina kuma za ka shigo?"

"Ke dai bakinki ya fi ki girma. Wancan bangon ba na wasa ba ne, sai an sassaƙe."

Ya tayar da babur, ya bar ni da hayaƙi.

Na juyo wajen Anti na ce, "Kin ji, sassaƙa ce kawai ta rage. Ina gudumarsa?"

Muka ɗaura ɗamara, ita da guduma, ni da guntun ƙarfe mai baki. Fentin yana ɓarewa kamar ɓawon ƙwai, muka ji daɗi. Na fara daga ƙarƙashin famfo na miƙe ƙasa, don nan ya fi kumburi. Ashe nan bututun ruwa ya bi ta cikin bango. Bugu ɗaya, ruwa ya wanke mini fuska, ya cika banɗaki, ya nufi tsakar gida.

Anti ta kira shi. Ya iso ko hular kwano bai cire ba, ya rufe ruwan gidan, sannan ya waiwayo kanmu.

"Wane mahaukaci ne yake sara a ƙarƙashin famfo? Ko akuya ta san nan bututu yake!"

Na ce, "Akuyar ai ba ta zo ba, shi ya sa muka yi."

"Kun mayar mini da aikin yini ɗaya ya zama na mako!"

"Alhamdulillahi. Yanzu ya kai a ɗauko kaya."

Ya ɗaga yatsa zai ci gaba, sai Inna ta leƙo tana dafa bango. Ta ce, "Ku daina yi masa tsawa, yana da manyan ayyuka. Ni tsummana ya ishe ni."

Yaya ya ce, "Wane tsumma?"

Ya dubi Anti, ta sunkuyar da kai. Ya dubi hannun Inna, ya ga tsumman da take goge jiki da shi. Sannan ya cire hular kwanon, ya ajiye a ƙasa.

Bai koma katafaren gidan ba sai da ya gama. Ya sassaƙe bango har bulo, ya canza bututu, ya bar wurin ya bushe, ya fasa ƙasan ya ba shi gangare. Ya bi tayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, masu kaushi ya ware wa ƙasa, masu santsi ya kai bango. Ya kafa ƙarfen dafawa daidai ƙugun Inna. Duk tsawon aikin bai ce mini uffan ba, in ban da, "Matsa."

Banɗakin ya fito kala tara, kamar an haɗa ƙyallayen tela. Inna ta shiga da bokitinta. Muka ji ta tura sakata, sai ƙarar ruwa. Mu uku muna tsaye kamar masu gadi.

Ta ɗaga murya daga ciki: "Wa ke bakin ƙofar nan? Ku ba ni wuri!"

Har yau Yaya na gaya wa mutane na fasa masa bututu. Ni kuma har yau ban huce ba. Tayil biyu sun ɓalle a kicin ɗin Anti, ya auna su da ido, ya karkata kai. Kafin ya buɗe baki na tambaye shi inda ya ajiye guduma.