Dodon Rumbu da Gyaɗar Inna

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta shekarar da yayana ya zaɓa mini littafi ba. Ina amarya a lokacin, a wani ƙauye gefen Minjibir, ina ta neman hanyar shiga ran uwar mijina, wadda muke kira Inna.

Damina ta matso, ga gyaɗar iri cike da rumbu ba a ɓare ba. Inna ba ta yarda a kai iri inji, ta ce fasa shi yake yi, don haka matan maƙwabta ake tarawa da hantsi a ɓare da hannu. Ni kuwa sarkin iyawa, na ce zan riƙa karanta musu littafi don kada aiki ya gundure su. Na buga wa yayana waya, wanda ke karatu a Kano, mutumin da a ganinsa duk littafin da bai yaba ba takardar ƙunshe ƙosai ce.

"Rabu da na soyayyar nan," in ji shi. "Zan aiko miki na ban tsoro. Wallahi ko mai gyangyaɗi sai ta wartsake."

Gaskiya ya faɗa, Allah ya saka masa. Labarin wani dodo ne da ya tare a rumbu, duk wanda ya zura hannu sai ya cafke shi. Wato duk littattafan da ke Kano, masanin namu bai ga wanda ya dace da matan da ke zaune a gindin rumbu ba sai wannan. Ina karantawa tsakar gida ta yi tsit, hannaye suka tsaya cak. A shafin ƙarshe yarinyar cikin labarin ta zura hannu, sai kawai na ga an rubuta a nemi littafi na biyu.

Washegari ba wadda ta leƙo. Wata ta aiko wai ciwon kai, wata ta ce rumbunmu sak na littafin, har murfin. Ran nan kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Inna ta dubi sama, ta dubi gyaɗa, ta dube ni, ta shige ɗakinta. Wallahi na gwammace ta zage ni, don na san in aka yi ruwan shuka babu iri, sunana ya ɓaci a gidan nan ke nan.

Na sake kiran gwani. "Yaya, ina na biyun?"

"Au, ai marubucin bai fitar ba tukuna. Amma dai kin ji salo, ko?"

Na ji salo kam. Na kashe wayar, na naɗe tsohon littafin da takardar siminti, na aika gida-gida cewa na biyu ya iso. Son jin ƙarshe ya rinjayi tsoro, suka dawo, kowacce ta zauna nesa da rumbu. Na buɗe littafi ina ƙirƙira daga kaina. Na ce ashe dodon ba abin da ya tsana kamar ƙarar ɓarar gyaɗa, duk ƙwayar da aka fasa, ƙashinsa guda ya karye. Ban taɓa ganin hannaye da sauri haka ba. Kafin la'asar dodo ya mutu, iri ya cika buhuna.

Da kowa ya watse, Inna ta kira ni.

"'Yar nan, ni ban yi boko ba, amma tun hantsi shafi ɗaya kike karantawa. Gobe ki riƙa juya takardar." Ta miƙo mini ƙwaryar fura. "In dodon yana da ƙani, ki sa ya ji tsoron sussuka, gero na nan jibge."

Tun daga ranar, duk wanda ya yaba mini littafi, sai na tambaye shi ko ya ga ƙarshensa da idonsa, kuma ko ya san inda zan zauna in karanta.