Wuyan Likita

Bari in fara da wautata, kafin jikokina su riga ni faɗa. Har na yi gemu ina ɗauka cewa ciwo ba ya kama likita. A tunanina, albashin da gwamnati ke ba su har da kuɗin wani tsari da suke sha. Ni wanzami ne ɗan wanzami, karatuna bai wuce na salla ba, a yi mini uzuri.

A zamanin Turawa ciwon barci ya sauka a ƙauyukan fadamar Haɗejiya, likitoci kuwa ba sa zama. A kawo Bature, ya ga ruwa da ƙudan tsando, kafin damina ta fita ya nemi canji. Sai a ƙara kuɗin zaman daji, a sake cigiya. Duk wanda ya zo ya fi na baya albashi, ya kuma fi shi saurin gudu. Daga ƙarshe aka kawo mana baƙar fata, mutumin Kudu, siriri mai tabarau. Aikinsu ɗaya da Turawan, amma albashinsa bai kama ƙafar nasu ba. Da bakinsa ya gaya mini kuɗin dajin ne suka kawo shi, da su yake riƙe ƙannensa a makaranta.

Shi ya ɗauke ni aiki. Ya ce mutane na gudun ma'aikatansa masu kaki, amma ba mai hana wanzami wuyansa. Ya kama yatsuna ya ɗora a bayan wuyan wani masunci, ya ce in lalubo kaluluwa. Na ji ta kamar gurjiya a ƙarƙashin fata, tana zillewa. Jarrabawar ke nan, na ci. Duk wanda na ji wa ita, sai a zuƙi ruwanta a duba a madubin ganin ƙwayar cuta, a fara masa allura.

Ba na manta wani ƙauye da muka shiga a kwalekwale da rana tsaka. Ba haushin kare, ba kukan yaro. Wata mata na zaune gaban turmi, tabarya a cinya, kaji na cin geronta, tana barci. Wani dattijo da lomar tuwo a hannu, ƙudaje sun rufe ta. Bulaman garin ya fito tarbarmu, muna cikin gaisuwa idonsa ya rufe, muka tsaya jiran ya ƙarasa amsawa. Ban taɓa tsoron gawa ba, amma masu numfashin nan sun ba ni tsoro.

Duk Juma'a nake yi wa likita aski a barandar gidansa. Wata rana ina gyara masa ƙeya, yatsana ya faɗa kan abin da ya sani. Na ɗauke, na mayar. Tana nan. Wautata ta ce ba zai yiwu ba, ai likita ne. Sai na tuna 'yan kwanakin nan yana gyangyaɗi a kan madubinsa, mu kuma muna ƙunshe dariya.

Bai ko juyo ba. Ya ce ya sani tun farkon damina. Nasa ya fara hawa kai, allurar da ke kaiwa can kuwa takan taɓa ido, sai a kwance a Kano ake yi masa ita. In ya tafi za a yanke kuɗin dajin, kuma Allah kaɗai ya san ranar da wani zai yarda ya zo. Ya roƙe ni in bari mu gama ƙauyukan da suka rage. Na ce to, na ƙarasa askina. Amma duk hanyar gida matar nan mai tabarya nake gani, sanye da tabarau irin nasa.

Ranar kasuwa aka jera mutane, na bi wuyansu ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya ƙare na ce saura mutum ɗaya. A gaban ma'aikatansa na ɗora hannu a ƙeyarsa.

"Ranka ya daɗe, akwai," na ce.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya cire hularsa, ya je ya zauna a tabarmar masu jiran allura, kusa da wata tsohuwa da tuni ta yi barci.

Ni na ɗaukar masa akwati zuwa tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori. Ban sake jin labarinsa ba. Gidansa ya koma na jemagu, aka yi ta ƙara kuɗi ana cigiya, har na koma wa zabirata ta aski.

Yanzu in na zauna bayan azahar kaina kan faɗi, jikoki su yi ta dariya su ce tsufa ne. Wataƙila. Ni dai hannuna ba ya zuwa ƙeyata, ko da ƙaiƙayi. Don ranar nan a tasha, jirgi na shirin tashi, ya leƙo ta taga, idonsa rabi a rufe, ya ce:

"Wanzam, duk ƙauyukan nan tare muka shige su. Kai wa ya taɓa naka wuyan?"