Shekarar da Aka Haɗe Sassan Makarantarmu

A shekarar da aka kawo mana sabon firinsifal, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a yankin Kebbe. Iyalina suna Tambuwal. Ranar Lahadi da la'asar nake hawa babur in tafi, in zauna a gidajen malamai har Juma'a. Muna da sashen kimiyya, da na adabi, da na kasuwanci, kowanne da shugabansa da ɗan ofishinsa, kuma babbar rigimarmu ba ta wuce wa za a ba aji mai fanka ba.

A taron farko firinsifal ya ce an haɗe kasuwanci da adabi, domin malamin akanta ya koma Sakkwato kuma ba a turo kowa ba. Dariya ma muka yi, ganin malamin Hausa, wanda ko albasa bai iya tayawa ba, shi zai shugabanci masu koyon ciniki. Sai daga baya muka ji cewa malamin akantan da kansa ya nemi canjin. Ya yi ta zarya a ma'aikata duk tsawon hutu, bai faɗa wa kowa dalili ba.

Malamar bayoloji ce ta biyu. Daga Dogon Daji take zuwa. Wata safiya ta iso a makare, ta zauna a ofis da jakarta a cinya, ta kasa shiga aji. Da aka matsa mata, ta ce ita da mai babur ɗin da ya ɗauko ta sun wuce wasu mutane a kan babura a gindin bishiyoyi, kowane babur da goyon biyu, fuskokinsu a naɗe. Ba su tare hanya ba, ba su ce uffan ba. Ɗaya daga cikinsu ne kawai ya ɗaga musu hannu kamar ya san su. Mijinta bai sake barin ta zo ba.

Shugaban sashen kimiyya dattijo ne, ɗan garin, ɗakinsa na jikin nawa. Kemistiri yake koyarwa, yana kuma da gona da 'yan shanu a ƙauyensu. Ya haɗa bayoloji da nasa, da malamin fizik ya tafi ya haɗa da shi ma. Ni aka ɗora mini lissafi, na riƙa karanta darasi da asuba in koyar da hantsi. A zango na biyu aka rufe ɗakin kwanan ɗalibai. Yaran ƙauyuka suka fara raguwa. Idan na tambayi wani, sai abokansa su ce sun tashi, ba su faɗin inda suka koma. Na daina tambaya.

Wata rana na ga dattijon ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje, mutanen ƙauyensu suna shigar da buhunan gero suna jerawa tsakanin tebura. Firinsifal yana tsaye a bakin ofishinsa, ya juya ya koma ciki. Na ce wa dattijon wannan fa ba a yarda da shi ba.

"Malam, wanga ɗaki na da ƙofar ƙarfe," ya ce. "Rumbu kuwa wuta ɗaya ta ishe shi."

A makon ya sayar da shanunsa duka, har da saniyar da yake taƙama da ita.

Da zango na uku ya zo, mun rage 'yan kaɗan, har taburma ɗaya ta ishe mu taro. Firinsifal ya ce daga yau babu sashe, kowa ya shiga ajin da ya gani babu malami. Ya sa aka cire allunan da ke ƙofofin ofisoshi. Ya kuma roƙe mu mu daina kaɗa ƙararrawa, ana jin ta daga nesa. Sai muka koma aika monita ya bi aji-aji.

Ana gab da jarrabawa, dattijon ya tafi duba gonarsa wata Laraba bayan an tashi. Magariba ta yi bai dawo ba, wayarsa ba ta shiga. Washegari da rana ya shigo makaranta a ƙafa, babu babur, babu hula. Bai ji rauni ba. Ya wanke fuska a randa, ya shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe ya koyar da darasinsa har ƙarshe. Na tsaya ta taga ina sauraron sa.

Da yamma ya zo ɗakina ya zauna a bakin katifa. Can ya ɗago ya ce, "Sun san sunana. Sun san darasin da nika koyarwa. Sun tambaye ni wane na mai jan babur da ka zuwa Tambuwal ran Juma'a."

Babur ɗina ja ne.

Ranar Juma'ar na bar shi a ɗakin gwaje-gwaje, a bayan buhunan gero, na shiga motar kasuwa. Haka na yi ta yi har muka gama jarrabawa. Dattijon ya ajiye aiki a hutun, ya kwashe iyalinsa zuwa Sanyinna. Da aka dawo, firinsifal ya kira ni a waya ya ce ni ne mataimakinsa yanzu, ya tambaye ni ko zan iya kemistiri.