Mutuwar da Ba Mu Aro Ba

Shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare a Wudil, hedimasta ya miƙo min takarda ya ce in juye wa 'yan aji shida a allo. Jerin kalmomi ne da ya ce Hausa ta aro daga Larabci. Mutum ne da ko atishawa ka yi sai ya nemo mata asali a Makka.

Littafi da alƙalami da sabulu na rubuta ba gardama. Kasuwa ma na rubuta, ko da yake a kwaleji an koya mana ta hannun Barebari ta iso. Da na zo kan "mutu", wai daga "mautu", sai hannuna ya ƙi. Na tsallake ta.

Ranar Asabar na je Indabo gaida kakata. Na tarar tana tantance kwanukan da aka dawo da su daga gidan suna. Duk iri ɗaya ne da na maƙwabta, masu jan fure, shi ya sa kowace mace take ɗiga fenti a gindin nata. Na kakata shuɗi ne. Ina ba ta labari tana kifa su ɗaya bayan ɗaya.

"To kafin Larabawan su zo, ba ma mutuwa ne?" ta ce. "Kama da wane ba ta wane, 'yar nan. Ki riƙa duba gindin kwano."

Ranar Litinin hedimasta ya leƙo aji, ya bi allon da ido.

"Malama, ina mutu?"

"Ranka ya daɗe, ba aro ba ce. Ita da mautu 'yan uwa ne, kaka ɗaya suka haɗa tun da can, kamar harshe da lisani."

"Au, ke za ki koya min Larabci?"

"A'a, Hausa dai."

Ya ce ko in rubuta, ko ya sa a canza min makaranta. Canjin zai takura ni, don ina da goyo, gidanmu kuma ga shi nan bayan katanga. Amma raina ya riga ya ɓaci. Ga yara sun zuba min ido, a ce ni zan gaya musu ko mutuwa sai da aka ara mana sunanta? Na ajiye allin a kan tebur.

Kafin hutun zango takarda ta fito, aka tura ni can Darki, nesa da gida. Shekara uku ina hawa acaɓa da yarinya a baya, kuma ban taɓa yin da na sani ba.

A shekara ta ukun muka yi rashin kakata. Hedimasta ya zo gaisuwa har Indabo, wannan kam ya kyauta. Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ashe tsohuwa ta rasu?"

Na san rasu ake cewa don ladabi, kuma ina cikin hawaye. Duk da haka na ce, "Ta mutu, ranka ya daɗe. Da Hausarta."