Baba da Dusar Ƙanƙarar Minguettes

Hunturun da Baba ya zo Lyon, ni da wasu 'yan Nijar muna da wani zaure a waya da ba a zancen komai a cikinsa sai sama. Ɗalibai ne da ma'aikata, wasu a Lyon wasu a Paris, dukanmu a rana muka tashi, amma da sanyi ya kama sai mu koma malaman duba. Wannan ya turo taswira mai shuɗi, wancan ya turo mai ja, a yi ta musu a kan ko iskar arewa za ta iso da dusar ƙanƙara. Matata takan ce mun haukace a kan abin da ko shayi ba a dafawa da shi. Babbanmu a haukan wani abokina ne da ke zaune a Stains, gefen Paris. Liman muke ce masa, don in ya ce za ta sauka sai mu ce amin, ko da sau goma ya faɗa ba ta zo ba.

Ciwon ido ne ya kawo Baba. Na dama ya mutu tun a gida, na hagu kuma yana rufewa daga gefe, kamar mai leƙe ta ƙofar makulli. Kusan shekara na yi ina fafutukar takardu kafin ya samu biza. Likitar ta duba, ta sake dubawa, sannan ta juyo gare ni ta yi magana a hankali da Faransanci. An makara. Maganin ɗigawa zai ɗan ja lokaci, amma abin da ya rage ma tafiya zai yi. Ni ne tafinta, amma ban fassara masa duka ba. Na ce, "Baba, ta ce a ci gaba da magani."

Ya ce, "Na ji muryarta. Ba sai ka wahal da kanka ba."

A cikin mota muna komawa gida ya faɗi abin da yake so. A ƙauyenmu da ke kusa da Maraɗi, Baba ne ake tambaya in damina ta gabato. Ya fita bayan gari, ya dubi gabas, ya shaƙi iska, ya ce a fitar da iri ko a dakata. In an yi ruwa kuwa sai ya tsuguna ya cusa hannu a ƙasa, ya ji inda laima ta tsaya, ya ce ruwan shuka ne ko na kwantar da ƙura. Ya ce mini duk ruwan da Allah yake saukowa da shi daga sama ya gani, daga yayyafi har ƙanƙarar da ke kashe kaji. Wannan farar ce kaɗai ta rage.

"Mutanen gari sun ce in na gani in zo musu da labari," in ji shi. "Kuma ka san gani ya kori ji."

Na kasa gyara masa ido, sai na ɗora raina gaba ɗaya a kan wannan. Sauran kwana goma sha biyu bizarsa ta ƙare, kuma ba abin da na iya a kan wannan ma.

Gidanmu yana hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes, gefen Lyon. Baba ya ja kujera gaban taga ya mai da wurin gonarsa. Da safe bayan ya idar da lazimi sai ya buɗe tagar kaɗan ya sa hanci, matata tana ta rufa masa bargo a kafaɗa. Ni kuwa ina bayansa da waya a hannu. Masu hasashe su ce Litinin, Litinin ta zo su ce Laraba. Da safe taswira ta rufe Lyon da fari, kafin azahar farin ya zame ya koma kan duwatsu. Na zagi mutanen da ban taɓa gani ba, na yi fushi da iskar kudu kamar ta san ina yi. Baba ya taɓa juyowa ya ce, "Kai, sama tana nan waje, mi kake nema cikin tahin hannunka?"

Ranar Talata da rana Liman ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Ka ga taswirar yanzu? Paris ce, ranar Alhamis da sahe. C'est sûr, wallahi wannan karon babu shakka. Ku Lyon ruwa za ku sha. Ɗauko Baba ku taho, ga ɗaki nan."

Na duba zaure, kowa abin da yake faɗa ke nan. Jirgin Baba na komawa gida ranar Lahadi ne, kuma ranar Juma'a da yamma yana da ganin likita na ƙarshe a Lyon. Na ga idan wannan ta wuce shi ke nan. Na je na same shi a gaban taga na gaya masa gobe za mu Paris.

Ya shaƙi iska ta tagar. Sannan ya ce, "Iska ta kwanta tun jiya. Sanyin ma ya saki, ya bar cizo. Tantabarun da ke sauka nan ban ji su ba yau. Hadarin nan na garin nan ne."

Na ce, "Baba, nan ba Maraɗi ba ce. Mutanen nan da na'ura suke aunawa."

Har yau ina jin kunyar wannan magana. Mutumin da gari guda yake jira kafin a zuba iri, ni na tsaya ina koya masa sama. Bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Manomi ba ya bin hadari, gonarsa yake jira. Amma kai ne ɗan gari. Mu tahi."

Muka hau jirgin ƙasa ranar Laraba. Tafiyar awa biyu ce, ya yi ta da tasbaha a hannu, fuskarsa a jikin gilashi. Liman ya tarbe mu da murna, matarsa ta yi wa Baba tuwo da miyar kuka, aka ajiye masa kujera a gaban tagarsu da ke kallon filin ajiye motoci.

Alhamis ta waye da ruwa. Ruwa zalla, siriri, mai sanyi, irin wanda Paris take yi ba dare ba rana. Liman yana ta zarya tsakanin taga da waya yana cewa yanzu zai juye, saura kaɗan sanyin ya kai. Baba ya miƙa hannu waje, ya dawo da shi a jiƙe, ya goge da gefen rigarsa.

Wajen ƙarfe tara matata ta kira. Ban ma gaishe ta ba ta ce, "Tana sauka. Tun da asuba take sauka, ko motoci ba a gani." Ta turo hoton bidiyo da ta ɗauka daga tagarmu. Ga kujerar Baba nan a gefe babu kowa a kai, ga bargonsa a ninke, bayan gilashi kuma duniya ta yi fari fat.

Na kai wayar kusa da idonsa na hagu. Ya matso da ita, ya nisanta, ya karkata kai. Ya ce, "Haske dai nike gani yana motsi." Ya miƙo mini abata.

Na ce mu koma yanzu-yanzu. Muka je tasha, aka ce dusar ta tsai da jiragen da ke zuwa Lyon, wasu an soke su, sauran kuma sun cika. Na bi layi uku, na roƙi wata ma'aikaciya har na fara ba ta labarin idon Baba, ta ce ta tausaya amma babu wuri sai gobe da safe. Na dawo na zauna kusa da shi a kan benci. Ba tsuntsu ba tarko. Na so ya yi mini faɗa, ko ya ce ai na gaya maka, da na ji sauƙi. Sai ya tambaye ni ko akwai inda zai yi alwala.

Kafin mu iso ranar Juma'a iskar kudu ta riga mu. Hanyoyin Minguettes duk sun koma ruwa da caɓi, rufin gidaje yana ta ɗiga. Na riƙe hannun Baba muna zagaya unguwa kamar masu neman akuyar da ta ɓata. A ƙarshe, a kusurwar filin motoci inda masu shara suka ture dusar, na ga wani ɗan tudu da ya rage. Hayaƙin mota da ƙasa sun mai da shi baƙi, har da guntun sigari a jiki.

Na ce, "Baba, ga ta nan."

Ya tattare rigarsa ya tsuguna, yadda na sha ganinsa yana yi a gona tun ina yaro. Ya cusa hannu a ciki har wuyan hannu, ya daɗe yana jin ta. Ya ce, "Ta yi zurhi. Wannan da a gida ne, ruwan shuka ne." Sannan ya damƙo cikin tafinsa ya kai dab da idon hagu. Ruwa yana bin hannun rigarsa. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Hwara ce?" ya tambaye ni.

A nan na gane idon ya yi nisa fiye da yadda yake nuna mana. Jiya, a gaban babbar tagarmu, da gari ya yi fari gaba ɗaya, wataƙila da ya gani.

Na ce, "Hwara ce, Baba. Hwara tas."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi."

Kafin damina ta faɗi a gida idon ya rufe. Ƙanwata ta ce har yanzu in an taru a ƙofar gida yakan ba da labarin, ya ce abu ne mai sanyi kamar ya yanke hannu, fari tas, ɗansa ne ya kai shi ya gani. Ban taɓa gyara masa ba, kuma bai taɓa tambayata abin da ya kai mu Paris ba.